Tukunyar Zango: Yadda Shinkafa da Wake Ta Ci Ankara

A wannan fitowa za mu gangara kudu har inda ƙasa ta ƙare, wato Ankara babban birnin Gana. Ankara ta bakin teku muke nufi, wadda ake rubutawa Accra, kada wani ya ɗauka ta Turkiyya ce. Yau mun ajiye farashin albasa da na bijimi a gefe, maganar ciki za mu yi. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kai da ka taɓa kwana bisa buhunan albasa tun daga Galmi har Gana, ko ka raka shanu a tirela ka sauke su a kasuwar Turaku ta Ashaiman, ka san abin da mutum ke fara nema in ya diro daga mota. Kafin dillali, kafin a canza sefa zuwa sidi, ido na neman inda hayaƙi ke tashi. Abin da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne, a garin da ya fi kilomita dubu nesa da Maraɗi, kusan duk abin da ke kan teburin mai abinci sunansa na Hausa ne: koko da ƙosai, masa, funkaso, tuwo, fura, wake. Ga mutanen gari nan, 'yan ƙabilar Ga da Asante da Ewe, wasu da lakatayal za su ofis, sun yi layi suna kiran mai abincin Hajiya. Wannan abu yana da tarihi, kuma kakanninka ne suka aza harsashinsa.

Kafin Ankara akwai Gwanja. Ɗaruruwan shekaru ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina, daga baya har da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanne Mango da Yandi, su sauka Salaga, garin da ake yi wa kirari da rijiya dubu. Suna kai kanwa, da riguna, da turkuɗi, da jar fata, da dabbobi, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Ka ji fa, albasarmu ta riga mota zuwa ƙasar nan. Su dawo da goro. Ba a ɓoye gaskiya, Salaga babbar kasuwar bayi ce kuma, an sayar da mutane a cikinta kamar yadda aka sayar da goro. Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayari mai dawowa daga Gwanja a Kaiama a 1826, ya ƙiyasta mutum sama da dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kamar yawansu.

To mutum dubu a hanya, tafiyar watanni, me suke ci? Guzuri dai ba ya kai ka Gwanja. Dakakken gero da ƙuli-ƙuli da kilishi na tsakanin zango da zango ne. In madugu ya ce a sauka, matan ƙauyen da ke kusa kan fito da dafaffen abinci su sayar, matan ayarin su ma su ɗora tukunya. Kalmar zango kanta ta fara ne da masaukin kwana ɗaya, sannan ta zama sunan unguwar baƙi a kowane gari na Gana. A babban gari kuwa falke ba ya sayen tuwo. Maigidansa ne ke sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, kuma daga cikin gida a fito masa da akushi safe da dare. Kuɗin tuwon na cikin la'ada. Masu shanu sun san wannan tsari, don har yau bai mutu ba a kasuwannin dabbobi.

Abubuwa biyu suka karya Salaga. A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta, ikon Asante a kan arewa ya yi sanyi, hanyar goro ta rikice. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'yan gidan sarautar Kpembe, masu mulkin Salaga, baƙi suka watse. Wasu suka yi Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934. Wasu suka yi Kintampo da Yeji da Kumasi, wasu suka gangara har teku. A lokacin Turawa sun riga sun mayar da babban birninsu daga Cape Coast zuwa Ankara tun 1877. Akwai kuma sojojin da ake kira Hausawan Glover, waɗanda aka kawo daga Legas yaƙin 1874. Ba dukansu ne Hausawa ba, duk ɗan arewa mai jin Hausa haka Bature ke kiransa. Malam Naino ya kafa zangonsa a tsakiyar gari, inda ake kira Zongo Lane, ɗansa Malam Baƙo kuma ya fita bayan gari ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, kuma cikin waɗanda suka fara cin wannan hanya akwai Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Ankara.

Har zuwa nan akushin maigida na iya ɗaukar baƙi. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne 'yan cin rani.

Zuwa 1911 Gwalkwas, kamar yadda ake kiran ƙasar a lokacin, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, wato wanda ake yin cakulan da shi. Ga ma'adinan zinariya a Obuasi da Tarkwa. Ankara kuma ba ta da tashar da babban jirgi zai iya matsowa, sai ya tsaya can cikin teku a yi ta jigilar kaya da kwale-kwale, a ɗauke su a ka daga bakin ruwa, har aka buɗe tashar Tema a 1962. Duk wannan aikin ƙarfi ne. A ƙasashen Faransa kuwa ga haraji ga aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Sai samari suka riƙa kwararowa bayan girbi: Zabarmawa, Adarawa, Mosawa, mutanen Gao, Gurmawa. Wanda ya taɓa ganin fim ɗin Jaguar na Bafaranshen nan Jean Rouch ya ga irinsu. Samari uku ne suka taso daga Nijar a ƙafa zuwa Gwalkwas a shekarun 1950, ɗaya daga cikinsu, Lam Ibrahim Dia, makiyayi ne.

Ka duba halin ɗan cin rani. Ba mata, ba murhu, ba tukunya, su shida ko takwas a ɗaki ɗaya, kuma kowane kwabo yana lissafinsa don ya koma gida da bargo da keke da kuɗin haraji. Ba shi da hajar da maigida zai ci la'ada a kanta, saboda haka ba mai fito masa da akushi. Dole ya saya. Matan zango suka ga kasuwa. Zawarawa da tsofaffi suka kafa tebur a bakin hanya, matan aure da ba sa fita suka riƙa dafawa a cikin gida suna ɗora wa 'yan mata talla. Me za a dafa wa mutumin da zai yini yana ɗaukar buhu, ba ya son ya ci sau uku? Abin da ke zama a ciki. Shinkafa da wake.

Unguwar da ta fi suna a wannan harka, Nima, mai shanu ne ya kafa ta. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani, malami kuma dillalin shanu, ya nemi fili daga iyalin Odoi Kwao na ƙabilar Ga, don a riƙa tsayar da dabbobi su yi kiwo kafin a shigar da su kasuwa. Wurin daji ne a lokacin. Musulmi na cewa sunan daga ni'ima ne, 'yan Ga na cewa daga harshensu ne, ma'anarsa garin sarki. Kowa ya riƙe nasa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta da mutane, domin sojojin Amurka sun yi sansani kusa da filin jirgin sama, aikin kuku da wanki da gadi ya samu, bayan yaƙi kuma sojojin da aka sallama daga Bama suka zauna. Maamobi ta tsiro a gefenta, babban kwatan nan ya raba su. Shekaru da dama hukumar birni ba ta ɗauki Nima a cikin iyakarta ba, saboda haka gidaje suka haɗe ba tsari, ba famfo, ba wurin girki. A irin wannan unguwa sayen abinci a waje ya fi dafawa arha, har ga mai iyali.

Yanzu bari mu tsaya a gaban tukunyar. A Gana ana rubuta sunan abincin waakye, ana faɗinsa wace, da jan wasalin farko. Wake ne dai, bakin Hausar Gana ya mayar da shi haka, shinkafar kuma ta faɗi a hanya. Launinsa ja ne mai duhu, kamar ƙasar Adar bayan ruwan sama, kuma baƙo kan ɗauka manja aka zuba. Karan dafi ne. Wannan jan kube na dawa da dukawa ke rina fata da shi, shi ake jiƙawa a tafasa tare da waken, a jefa 'yar kanwa. Kanwar na sa wake ya nuna da wuri, itace ya yi auki, tana kuma fito da jan. Kai makiyayi da ke kai shanu lasar kanwa, ga ta nan a tukunyar Ankara tana wani aikin. Mai wace kan tashi tun tsakar dare, domin kafin a idar da sallar asuba an fara layi, kuma wadda hannunta ke da daɗi kafin azahar ta kife tukunya.

Ba a cewa a ba ni kwano ɗaya. Da kuɗi ake magana, kuma kowane abu da kuɗinsa. Ka ce wace na kaza, taliya na kaza, gari na kaza, ƙwai ɗaya, nama ɗaya, kifi ko ganda. Ita kuma tana zubawa tana lissafi da ka, ba ta kuskure. Asali a faffaɗan ganye ake naɗe shi, kuma masu iya ci sun ce ganyen na ƙara masa ƙamshi. Leda da roba sun shigo sun ɓata wannan, ko da yake yanzu ana komawa ga ganyen. In ka lura da abin da ke gabanka, za ka ga kowa ya sa hannu. Shinkafa da wake da kanwa na arewa ne. Baƙin yajin nan mai mai, shito, na 'yan Ga ne, masunta, da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi har ya yi baƙi. Garin rogo na mutanen kudu ne. Taliya ta riƙe sunanta na Hausa. Ganda kuwa, wadda suke kira wele, ita ce dalilin da ya sa fatar sa a Gana ta fi zuwa tukunya a kan majema. A ganinmu shito ne ya ɗaga abincin nan sama da shinkafa da wake ta gida, mai da yaji ba su kama ƙafarsa ba. Wanda bai yarda ba ya je ya ɗanɗana.

Tuwonsu sun sa masa suna tuo zaafi, tuwo mai zafi ke nan, 'yan boko na taƙaita shi da haruffa biyu. Da garin masara ake tuƙa shi a haɗa da na rogo, ya fi namu laushi, a ci da miyar ayoyo, wato lalo, mai daddawa, a zuba jar miya da kayan ciki a kai. Tuwon shinkafa ya zama omo tuo, ana cinsa da miyar gyaɗa, musamman ran Lahadi bayan an taso daga coci. Kokonsu na gero ne, ya sha citta da kanumfari da barkono, har sunansa a bakin kowa kokon Hausa. Da dare sai masu tsire, wanda can ake kira cicinga, mai gasawar kuma aboki, ko sunansa waye. Fulani sun kawo wagashi, cukun nan mai laushi da ake soyawa, da fura da nono, ga kuma gero da nono mai sanyi a gora da ake kira burkina, sunan ƙasar da ya fito.

Wani abu da ya ɗaure baƙo Musulmi ga teburin Hajiya shi ne yanka. A gidajen abincin kudu ana dafa naman daji da dodon koɗi, wani wurin har da alade, ga giya a gefe. A zango hankalinka kwance, domin fawa a Ankara ta daɗe a hannun 'yan arewa. Sai dai ka shirya kunnenka. Hausar zango ba ta raba mace da namiji. In ka tambayi yarinya ina mai abincin, ta ce maka "Hajiya ya fita, yana zuwa," kada ka tsaya neman wani Alhaji.

Tekun da ke gaban Ankara ma ya ɗauki wannan girki ya kai wani wuri. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun tafi da iliminsu na shinkafa da na wake. A Haiti, ƙasar da bayi suka kori Faransa suka kafa a 1804, shinkafa da wake ce abincin yau da kullum, sai dai jan wake suka fi sawa. A Bahia ta ƙasar Barazil mata na soya ƙosai a manja a bakin titi, sunansa akaraje, daga akara na Yarbawa. A Bahia ɗin ne bayi Musulmi suka yi tawaye a 1835, bayansa wasu 'yantattu suka hau jirgi suka dawo, wani rukuni ya sauka Ankara wajen 1836. Ana kiran zuriyarsu Tabom, gidansu na farko na nan a tsohon gari kusa da teku.

Tukunyar zango ta sha wuta ba sau ɗaya ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane sama da dubu ɗari suka fita, 'yan Najeriya da Nijar da Togo da Volta ta Sama, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Nima ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ba ne. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Tsofaffi a Maraɗi da Tawa da Sakkwato na tuna motocin da suka dawo da su. Sana'ar ba ta mutu ba, domin 'yan arewacin Gana, Dagomba da Mamprusi da Wala da sauransu, 'yan ƙasa ne, sun iya girkin, sun kuma riƙe Hausa a matsayin harshen kasuwa. A 1983 Najeriya ta rama, ta kori 'yan Gana wajen miliyan ɗaya, suka dawo suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa.

Agbogbloshie ta zo daga baya. Fili ne mai dausayi a bakin kogin Odaw, inda yake zuba cikin tafkin Korle kafin ya shiga teku. A farkon shekarun 1990 hukuma ta riƙa tura 'yan kasuwa can don a rage cunkoson tsakiyar gari. A 1994 yaƙi ya ɓarke a arewacin Gana tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba, wanda ake yi wa laƙabi da yaƙin zabuwa, masu gudun hijira suka sauka a Tsohuwar Fadama, daura da kasuwar. Ƙidayar da mazauna wurin suka yi a 2009 ta ba da kusan mutum 80,000. Nan kasuwar doya take, nan kuma babbar kasuwar albasa ta zauna, inda motocin Galmi da Agadas da Bawku suka riƙa sauke kaya har 2021. 'Yan matan arewa masu dako da kwano a ka, kayayei, sunansu ma rabi Hausa ne: kaya namu, yei kuma mata da harshen Ga. Duk wannan taro a bakin tebur yake ci. Mai wace ta san direba, ta san yaron mota, ta san wanda za ta ba bashi har a sayar da kaya.

Amma a nan akwai maganar da ya kamata ka riƙe. Kafin 2021, jikin kasuwar albasar akwai filin 'yan gwangwan, inda samari ke fasa tsofaffin firji da talabijin da kwamfuta, suna ƙona waya don su fitar da jan ƙarfe. Baƙin hayaƙin nan kan abinci yake sauka, ƙasar kuma ta sha dalma. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network suka auna ƙwan kajin da ke kiwo a filin, suka ce babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya ya wuce iyakar gubar dayoksin da hukumar abinci ta Turai ta yarda a sha a yini har sau 220. Awaki da shanu ma a kan wannan bola suke kiwo, kuma dabba abin da ta ci shi take ba ka. Ruwa shi ma abin lura ne. Kwalarar 2014 ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, mafi yawansu a Ankara da kewayenta. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke bin teburin da ke da layi, inda abinci ke fitowa da tururi, suna kauce wa ɗanyen ganye da abin da ya yini a buɗe.

Ran 1 ga Yuli 2021 motocin rusau suka shiga, bisa umarnin ministan yankin Ankara, Henry Quartey. Aka share kasuwar albasa da filin gwangwan, aka mayar da masu albasa Adjen Kotoku, can bayan gari ta hanyar Nsawam. An yi ta maganar 'yan kasuwa da rumfunansu a rediyo da jaridu, ba a cika jin ta matan da ke ciyar da su ba, alhali mai tebur ba ta da takardar rumfa da za ta nuna a ba ta wani wuri, kuma bashin da take bi ya watse tare da masu cin sa. Wasu sun bi motocin zuwa sabuwar kasuwa, wasu sun koma Nima da Sabon Zango da bakin kasuwar doya.

Bayan shekara biyu sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Nijar da Benin da ta Najeriya. Motocin albasa suka yi kwanaki a tsaye, kaya na ruɓewa, farashin buhu ya yi tsalle a Ankara. Miyar wace kuwa albasa ce ƙashin bayanta, shito ma haka, wake mai yawa kuma daga Nijar da Burkina yake shigowa. Mai abinci ba ta iya ninka kuɗi ga ɗan dako, sai ta rage ludayi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma a ƙarshen Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga ƙungiyar, kuma hanyar Fada N'Gourma da motoci ke bi a da ta zama ta sai da rakiyar soja. Yanzu motar da ta tsira ta iso, a Kotoku take tsayawa, ba ta shiga cikin gari. In kana son tuo zaafin Nima sai ka hau ƙaramar motar haya, turoturo, zuwa Circle, ka canza wata. In wace kake so, to ka fito kafin hantsi.